Turken da ke cikin sel: wane aiki ƙwayar gadon AKAP take yi a jikin ɓera?

Lokaci zuwa lokaci sai labari ya ɓullo a shafukan kimiyya: masana sun taɓa wata ƙwayar gado a jikin ɓera, ɓeran ya rage jin zafi, ko ya manta abin da ya tsorata shi jiya, ko zuciyarsa ta ƙi kumbura. Kafin ka ce kwabo wani ya yaɗa cewa an samu maganin mantuwa, wani kuma ya ce wasa da hankali ne, ina ruwan ɗan Adam da ɓera. Cikin sunayen da kan fito a irin wannan bincike akwai AKAP, da lamba a gefensa: Akap5, Akap6, Akap7. To wane aiki takamaimai wannan ƙwayar gado take yi? Kuma ta yaya dangi guda zai sa hannu a ƙwaƙwalwa, da zuciya, da ƙoda, har da maniyyi?

Mu fara warware kalmomin

Rikicin farko na harshe ne. Muna cewa ƙwayar halitta muna nufin abubuwa biyu daban. Akwai sel, wato ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da biliyoyinsa. Akwai kuma ƙwayar gado, wato wani yanki na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Ƙwayar gado rubutu ce kawai, furotin ɗin da aka ƙera da ita shi ke aiki. Saboda haka idan aka ce aikin Akap5, ana nufin aikin furotin ɗin da ta haifar.

Sai kainez. Enzayim ne, wato furotin mai hanzarta wani aikin sinadarai a jiki, da ke ɗauko ɗan guntun sinadarin fosfet ya manna wa wani furotin, mannawar nan kuwa tana sauya siffar furotin ɗin, ta kunna shi ko ta kashe shi. Abokin hamayyarsa fosfatez ne, mai cire fosfet ɗin. Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano wannan tsari a Seattle ta Amurka a tsakiyar shekarun 1950, suna aiki da tsokar zomo, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Jikin mutum yana da nau'in kainez fiye da 500, amma wanda ya shafe mu shi ne PKA, wanda aka gano a ɗakin binciken Krebs a 1968. PKA ba ya motsi sai ya samu saƙo daga wani ƙaramin sinadari mai suna cAMP, wanda Earl Sutherland ya gano a ƙarshen shekarun 1950, shi ma ya karɓi Nobel a 1971.

AKAP kuwa taƙaitaccen suna ne da ke nufin furotin mai ɗaure PKA a wuri guda. Turawa sun kwatanta shi da angar jirgin ruwa. Ni dai turke ya fi kwanta mini, domin anga tana tsayar da jirgi ne kurum, turke kuwa shi ke yanke hukuncin wace ciyawa dabba za ta iya kaiwa da wadda ba za ta kai ba. Nan ma haka abin yake.

Saƙo ɗaya, amsa daban-daban

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne: homon iri-iri, wato sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, suna ƙwanƙwasa ƙofar sel, kuma da yawansu abu guda suke sa a yi a ciki, wato a ƙara yawan cAMP. Idan cAMP yana watsuwa ko'ina cikin sel kamar gishiri a ruwa, ta ina sel zai gane wa ya aiko shi?

A ƙarshen shekarun 1970 aka yi wani gwaji da ya ƙara dagula lissafin. An ciro zuciyar ɓera da ta zomo, ana ratsa su da ruwa mai gina jiki don su ci gaba da bugawa a kan teburi. Aka zuba wani magani ɗan'uwan adirenalin, cAMP ya hau, zuciya ta ƙara ƙarfin matsawa. Aka zuba wani sinadarin mai suna PGE1, cAMP ya hau, PKA ya farka, amma ƙarfin bugun bai ƙaru ba. Laurence Brunton da abokan aikinsa suka ce lallai akwai ɗakuna a cikin sel, kowane saƙo da inda yake sauka. Mutane da yawa ba su gamsu ba a lokacin, don babu wanda ya taɓa ganin ɗakunan da idonsa.

Ganin ido ya zo a 2002 a Padova ta Italiya. Manuela Zaccolo da Tullio Pozzan suka sa wa PKA wata alama mai ƙyalli da ke sauya launi idan cAMP ya taɓa shi, suka saka shi cikin sel ɗin zuciyar jariran ɓeraye. Da aka zuba noradirenalin, shi ma ɗan'uwan adirenalin, hasken bai mamaye sel ɗin gaba ɗaya ba. Layi-layi ya fito, a jere daidai da zanen tsokar, tsakaninsu kuma shiru. Da suka toshe enzayim mai rushe cAMP, sai layukan suka narke, saƙon ya bazu ko'ina. Ashe akwai mai share cAMP kafin ya yi nisa, akwai kuma abin da ya riƙe PKA a daidai wurin da ake so saƙon ya same shi.

Yadda turken yake riƙo

PKA gaɓa huɗu ne: biyu masu aikin manna fosfet, biyu masu tsaron waɗancan don kada su yi aiki ba izini. Masu tsaron nan biyu suna haɗe da juna ta kai ɗaya, inda suka bar wani ɗan kwari. Kowane AKAP yana da wani ɗan yanki murɗaɗɗe, bai wuce amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 14 zuwa 18 ba, gefe ɗaya mai gudun ruwa, wanda ke kwantawa cikin kwarin nan daram. Wani ɓangaren na AKAP kuma yana maƙale da wani wuri a sel: fatar sel, ko bangon cibiyarsa, ko maitokondiriya mai samar da kuzari, ko wutsiyar maniyyi.

Ban da wannan ɗan yanki, 'yan gidan AKAP ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Aiki ne ya haɗa su suna, ba jini ba. Idan aka ƙirga da rassan da ƙwayar gado guda kan fitar, sun haura 50. Na farkon da aka gane shi ne MAP2 na ƙwaƙwalwa, a farkon shekarun 1980. Wannan ya amsa rabin tambayar da muka fara da ita: wanda ke ƙoda daban, wanda ke maniyyi daban, kowa da ƙwayar gadonsa.

Akap5, wanda aka fi sani

A ƙarshen shekarun 1980 ɗakin binciken Charles Rubin a New York ya ciro wani furotin daga ƙwaƙwalwar ɓera, wanda daga baya aka kira AKAP150. Na saniya aka kira shi AKAP75, na mutum kuma, wanda ɗakin John Scott ya bayyana a 1992, AKAP79. Lambobin nauyin da furotin ɗin ya nuna ne a gwajin awo. Na ɓera ya fi nauyi saboda wani yanki mai maimaita kansa da ke tsakiyarsa, wanda babu a na mutum. Suna uku, ƙwayar gado ɗaya, Akap5. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka abubuwa uku ake magana a kai.

A tsakiyar shekarun 1990 aka gano abin da ya ɗaga darajarsa: ba PKA kaɗai yake riƙewa ba. Yana riƙe da wani kainez ɗin mai suna PKC, yana kuma riƙe da kalsinurin, wanda fosfatez ne. Wato mai mannawa da mai cirewa a turke guda, kafaɗa da kafaɗa, suna jiran furotin ɗaya.

Ga inda abin ke da daɗi. Sel ɗin ƙwaƙwalwa suna magana da juna ta wata mahaɗa siririya. Na gaba ya saki sinadarin gulutamet, na baya ya karɓa ta wasu ƙofofi da ake kira AMPA. Idan ƙofofin sun yi yawa kuma suna buɗewa da sauƙi, mahaɗar ta yi ƙarfi. Idan an janye su ciki, ta yi rauni. Wannan ƙaruwa da raguwa shi ne abin da masana suka fi ɗauka a matsayin tushen koyo da tunawa. AKAP150 yana zaune daf da ƙofofin. Idan cAMP ya zo, PKA ya manna fosfet a kan ƙofar, ta zauna a bakin aiki. Idan kalsiyam ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, kalsinurin ya cire fosfet ɗin, a janye ƙofar. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa hukuncin ke iya tsayawa a mahaɗa guda ba tare da ya shafi maƙwabciyarta ba, alhali sel ɗaya yana da dubban mahaɗu.

Yaya aka tabbatar? Da wani ɗan guntun furotin mai suna Ht31, wanda aka yanko daga wani AKAP na mutum. Yana shiga kwarin nan na PKA ya toshe, sai PKA ya tsinke daga turkensa ya shiga yawo, lafiyarsa lau, amma ba ya inda ake buƙatarsa. A 1994 aka saka Ht31 cikin sel ɗin ƙwaƙwalwa da ake renonsu a faranti, sai ƙarfin ƙofofin AMPA ya riƙa zubewa, kamar dai an kashe PKA ɗin ne gaba ɗaya.

Sai gwajin da ya fi shiga bakin 'yan jarida. A sa ɓera a akwati, a kaɗa masa wani sauti, a biyo da ɗan girgizar lantarki a tafin ƙafa. Washegari a sake kaɗa sautin a wani akwatin daban. Ɓeran da ya riƙe darasin zai sandare wuri guda, ba abin da ke motsi sai haƙarƙarinsa, mai bincike na gefe yana ƙirga daƙiƙun da ya yi a haka. A 2002 ɗakin binciken Joseph LeDoux a New York ya ɗura Ht31 cikin amigdala, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro, inda AKAP150 yake da yawa. Ɓerayen da aka yi wa haka ba su zaunar da darasin yadda ya kamata ba, sandarewarsu ta ragu. Daga nan zuwa cewa an gano ƙwayar gadon tsoro akwai tafiya mai nisa, kuma za mu ga dalili.

Zafin da ke ƙaruwa bayan rauni

Duk wanda ya taɓa ƙonewa ya san ruwan ɗumi ma yana zama azaba a wurin. Jijiyoyin jin zafi suna da wata ƙofa, TRPV1, da ke buɗewa idan zafi ya kai kusan digiri 43, ko idan sinadarin yajin barkono ya taɓa ta. David Julius ya gano ta a 1997, ya samu Nobel a 2021. Idan wuri ya kumbura, sinadaran kumburi suna sa PKA da PKC su manna wa ƙofar fosfet, sai ta fara buɗewa a zafin da bai kai haka ba. A 2008 ɗakunan bincike da dama, wasu da jijiyoyin ɓera, suka nuna cewa AKAP150 ne ke kawo waɗannan kainez bakin ƙofar, kuma idan babu shi, ƙarin zafin nan yana raguwa sosai.

Zuciya, ƙoda, da sauransu

A zuciya 'yan gidan suna da yawa, kowa da kusurwarsa. Na Akap6, wanda ake kira mAKAP, yana zaune a bangon cibiyar sel, riƙe da PKA da kalsinurin da enzayim mai rushe cAMP. Gwaje-gwaje a sel ɗin zuciyar jariran ɓeraye sun nuna yana cikin masu isar da umarnin da ke sa sel ya yi kauri idan zuciya ta daɗe cikin wahala, irin kaurin da kan ƙare da gazawar zuciya. Wani reshe na Akap7 kuma an same shi a zuciyar ɓera kusa da famfon da ke mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa bayan kowane bugu.

Labarin ƙoda ya fi sauƙin gani. Ƙodar mutum tana tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a rana, amma fitsarin da ke fita bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba, saura duk mayar da shi ake yi. Daidaitawar ƙarshe tana hannun homon basofiresin. Idan jiki ya bushe, homon ɗin ya sa cAMP ya hau a sel ɗin bututun ƙarshe na ƙoda, PKA ya manna fosfet a kan wasu ƙofofin ruwa masu suna akwaforin 2 da ke ajiye cikin 'yan jakunkuna, jakunkunan su tafi su haɗe da fatar sel, ruwa ya koma jini. A 1999 Enno Klussmann da Walter Rosenthal a Balin ta Jamus suka sa Ht31 a sel ɗin ƙodar ɓera. Homon ya zo, amma ƙofofin ba su tashi daga inda suke ba. Daga baya suka samu wani reshen Akap7 a jikin jakunkunan da kansu, wato kowace jaka tana tafe da nata PKA.

Akap1 yana kan maitokondiriya, inda PKA ke hana ta ragargajewa, abin da ke taimaka wa sel ɗin ƙwaƙwalwa jure wahala. Akap4 shi ne mafi yawan furotin a kuben da ya naɗe wutsiyar maniyyi, kuma mazan ƙananan ɓerayen da aka cire musu shi ba sa haihuwa, don maniyyinsu ba ya iya iyo.

Wane ɓera ake nufi?

Na ce ƙananan ɓeraye da gangan. Kalmarmu ɗaya ce, ɓera, amma dabbobin ɗakin gwaji biyu ne: babba, Rattus norvegicus, da ƙarami, Mus musculus, kuma sun rabu da juna miliyoyin shekaru. Babban shi ne abin hannun masu nazarin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda tun farkon ƙarni na 20, lokacin da aka fara kiwon nau'in Wistar a Filadelfiya, domin girmansa ya isa a yi masa tiyata a auna abubuwa, kuma yana koyon aiki da sauri. Amma cire ƙwayar gado guda daga jikin dabba ya yiwu a ƙaramin tun ƙarshen shekarun 1980, a babban kuwa sai wajen 2009 aka samu hanya mai kyau, duk da an karanta jerin DNA ɗinsa tun 2004.

Sakamakon haka, ilmin AKAP faci-faci ne. An gano furotin ɗin da inda yake zaune a babban ɓera, an cire ƙwayar gadon a ƙarami, an gwada na mutum a sel ɗin faranti. Labarin da ya ce an tabbatar a ɓera sau da yawa ya haɗe ukun ne ya zuba a buhu ɗaya.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan Ht31 ne. Ba ya zaɓe. Duk wani AKAP da ke cikin sel yana tsinke PKA daga jikinsa. To ɓerayen LeDoux sun nuna cewa ɗaure PKA yana da muhimmanci ga tunawa da tsoro, amma ba su nuna cewa Akap5 ne shi kaɗai ba. Masu binciken da kansu sun san haka, kanun labarai ne ba su sani ba.

Na biyu ya fi ban mamaki. Da aka cire Akap5 gaba ɗaya daga ƙananan ɓeraye, sun rayu, suna ci suna yawo, da ɗan rauni a wasu gwaje-gwajen tunawa. Amma da aka bar furotin ɗin aka yanke masa wurin riƙe PKA kaɗai, wasu matsalolin mahaɗar ƙwaƙwalwa da na koyo sun fi tsanani. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, cire turken gaba ɗaya yana tafiya da mai mannawa da mai cirewa tare, sai ma'auni ya ɗan daidaita. Cire PKA kaɗai kuwa ya bar kalsinurin yana cin karensa ba babbaka. A ganina wannan sakamako shi ya fi kowanne fayyace aikin ƙwayar gadon, domin ya nuna abin da take tsarewa shi ne daidaito tsakanin abokan hamayya biyu a wuri guda.

Akap7 ma ya ba da kunya. Bayan duk shaidar da aka tara daga zuciyar babban ɓera, a 2012 aka ba da rahoton cewa sel ɗin zuciyar ƙananan ɓerayen da ba su da shi suna amsa adirenalin kamar kowa. Wasu suka ce wani AKAP ne ya cike gurbin, wasu suka ce bambancin dabbobin biyu ne, wasu kuma suka ce dama an zuzuta matsayinsa.

Har tsawon igiyar ma ana gardama a kai. Littattafan makaranta sun ce cAMP yana sa gaɓoɓin PKA masu aiki su rabu da masu tsaronsu su tafi. A 2017 ɗakin Scott ya ce a yanayin jiki na yau da kullum ba sa rabuwa, suna aiki ne a ɗaure, cikin da'irar da ba ta wuce nanomita 15 zuwa 25 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A shekarar dai wasu masana a Landan suka kawo shaidar cewa suna rabuwa, sai dai masu tsaron sun fi su yawa, nan take suke sake cafke su kafin su yi nisa.

Me wannan zai ƙara wa mai jinya?

A yau babu wani magani a kasuwa da aka ƙera don AKAP, kuma duk mai sayar da wani abu da sunan yana gyara wannan ƙwayar gado yana sayar da iska ne. Amma dalilin da ya sa ake bin sawun abin yana da ƙarfi. PKA yana cikin kusan kowane sel na jiki, maganin da zai kashe shi ko'ina guba ne. Idan kuwa za a iya kwance turke guda a gaɓa guda, an samu hanyar da ba ta taɓa sauran ba.

Misalin zafi ya fi kusa. Kamfanoni sun gwada magungunan toshe TRPV1 kai tsaye, sai wasu suka sa zafin jikin mutane ya hau, wasu kuma suka rage musu gane abu mai ƙuna, wanda hatsari ne. A 2013 ɗakin Peter McNaughton a Kambirij ta Ingila ya gwada wani ɗan guntun furotin da ke raba AKAP da TRPV1 kawai. A ƙananan ɓeraye ya rage ƙarin zafin kumburi, ya bar jin zafi na asali yadda yake. Sai dai irin waɗannan guntaye jiki yana saurin narkar da su, shigar da su cikin sel yana da wuya, kuma Akap5 ɗin da ke jijiyar zafi shi ne dai a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini da sel masu fitar da insulin.

Shaida mafi ƙarfi cewa AKAP ya shafi lafiyar mutum ma ba daga ɓera ta fito ba. A 2007 aka samu wani sauyi a AKAP9 a jikin wani iyali mai ciwon gado da ke jinkirta hucewar zuciya bayan kowane bugu, ciwon da kan jawo suma ko mutuwar farat ɗaya. Furotin ɗin yana ɗaure PKA ne kusa da wata ƙofar fotasiyam da zuciyar mutum ke dogaro da ita idan bugu ya yi sauri. Zuciyar babban ɓera kuwa tana bugawa sau 300 zuwa 400 a minti, kuma wasu ƙofofin daban take amfani da su wajen hucewa, don haka masu nazarin wannan ciwo sukan koma ga zomo, ko su ɗauki sel daga jikin majinyacin su mayar da shi na zuciya a faranti.